Kibiyar da ke Bayan Zanena

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da na fake a ƙarƙashinta tun ina da sauran ƙuruciya. Zuwa ga zalɓen bakin kogi, mai dogon wuya da dogon fushi. Zuwa ga furen bado, kyau a saman ruwa, saiwa a cikin taɓo. Zuwa ga maigidana, uban 'ya'yana, sarkin masu taurin kai na duniya da kewayenta! Ga gaisuwa nan 'yar kaɗan, daidai kai, tunda ta safe ma ba ka amsawa balle ta takarda.

Na san za ka ce me ya kawo wasiƙa tsakanin mutanen da bango ɗaya ya raba. Ina zaune a teburin kicin, ina jin tarinka, ina jin ƙarar kujerar nan taka duk sanda ka gyara zama. Amma da na ɗaga labule na shigo da magana sai ka juya fuska wajen taga, ka rufe ido, ka hau munsharin ƙarya. Malam, wa za ka yi wa wannan? Ni da na san munsharinka na gaskiya tun gashin kanka yana baƙi? An ce kunkuru ya san makamar matarsa, to matar ma ta san tasa. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana rubuta allunan shagunan mutane ba zai ga rubutu a gabansa ya kau da kai ba, ko don ya nemo inda aka yi kuskure. Karanta ka nema, na bar maka su da yawa.

Bari in tuna maka inda muke, tunda ka mai da kanka wanda ba ya ji. Ciwon nan ya buge ka a shago da buroshi a hannu, ɓarin damanka ya shanye. Muka yi zaman asibitin da muka yi, Allah Ya dawo mana da bakinka, Ya bar maka hankalinka cif. Yarinyar nan ma'aikaciyar asibiti mai gashin ƙashi ta durƙusa a gabanka, ta riƙe ƙafarka da hannu biyu kamar ta ubanta, ta ce, "Baba, wannan ƙafar da ranta. Hannun ne sai a hankali. In kana taka ta kullum za ta dawo maka, amma in ka zauna mata har sanyi ya shigo za ta sandare, kuma daga nan ba ni da abin da zan iya yi." Me ka ce mata? Ka ce, "Ni na gama tafiyata." Da muka dawo gida ka ƙara da wadda ta fi, ka dube ni ka ce, "Ki tattara ki koma wurin Auta, ba kujera kika aura ba."

Ka ji min mutum! In koma wurin 'yata in zauna mata a ɗaki, ita da mijinta, in ce musu me? In ce uban naku ya sallame ni don tausayi? Tir da wannan tausayi! Ni ce na wanke ka, ni ce na ɗaga ka, ni ce na koyi aske maka gemu ba tare da na yanka maka kunne ba, ko da yake na sha jin sha'awar hakan. Ciwon da ya kayar da kai ba ka ce masa uffan ba, sai ni. Gaskiyar masu magana, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ban taɓa jin zafin magana irin na wannan ba, kuma ban yafe ba, kada ma ka sa rai.

Kuma kada ka ce min zafi ne ya hana ka. A asibiti, da ka zaci ba mai kallonka, na gan ka ka dafa bango ka kai kanka bayi ka dawo. Ba ƙafarka ce ta ƙi ba, girman kanka ne. Borin kunya kake yi, ya ruwan sanyin raina, kuma na san kunyar me. Kunyar turbobin nan ne.

Wa ya san da su kafin kai? Hanyoyin awaki ne da na masu kamun kifi, ciyawa ta cinye rabinsu. Ba wanda ya aike ka, ka ɗauki ragowar fentin shago ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana zana kibiya a jikin dutse da kututture da ƙafar gada. Shuɗi na mai son bin kogi, inda itatuwa suka sunkuya suna shan ruwa. Rawaya ta mai bin magudanar simintin da ke kai ruwa gonaki, miƙaƙƙiya kamar an ja ta da zare. Ja na mai son zagaya tafkuna, wajen agwagi da kwaɗi da sauron da ya san jinina ya fi naka daɗi. Yau duk garin nan, daga malaman makaranta har ma'aikatan asibiti, in sun tashi miƙe ƙafa kibiyarka suke bi. Yara ma ba su san sunanka ba, Mai Kibiya suke ce maka. Shi ne kake ganin Mai Kibiya ba zai fito yana jan ƙafa a kan turbarsa ba, ana yi masa sannu, matarsa na gaba yana baya. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin da ya tsaya maka a wuya, ko ba haka ba?

Don tun da na aure ka ban taɓa tafiya a gefenka ba. Kai kullum gaba, sai ka ce an aiko ka ɗaukar wuta. Na fi sanin ƙeyarka a kan fuskarka. Na san ranar da furfurar farko ta fito mata, na san tabon fentin da ke bayan kunnenka na hagu wanda ba sabulun da ya iya masa. Kai kana can kana nuna wa iska tsuntsaye, ni ina nan baya da gorar ruwa da ledar burodi, ina haki, ƙaya na kama min zane. Ka tsaya a mararraba ka riƙe ƙugu, ka ɗaga murya, "Hawainiya, kin iso?" Da na iso, kafin in sauke numfashi ɗaya, sai ka ce, "To mu je," ka ƙara gaba. Kai ka huta da jirana, ni ko oho. Ka taɓa lura da haka, ya tauraron asubata? Ko sau ɗaya?

Sau ɗaya tak ka taɓa bin bayana a duniya, kuma shi ne abu mafi hankali da ka taɓa yi. Ka tuna? Ina ɗinki a shagon gwaggota a lokacin, ta aike ni kai kaya ƙauyen da ke ƙetaren gada. A dawowa rana ta dake ni, na ga wani faffaɗan dutse a inuwa, daidai inda magudana ke rabuwa da kogi, na yi zamana a kai. Ruwa na wucewa yana 'yar waƙarsa, iska na kaɗa ciyawa, wani zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kallona kamar ya san abin da ban sani ba. Na huta, na tashi, na kama hanyar gari da sabon farin zanena mai ɗigon ganye. Sai na ji takun mutum a bayana. Na ƙara sauri, ya ƙara. Na rage, ya rage. Muka wuce gidan burodi, mutane na kallona suna danne dariya. A bakin shagon gwaggo zuciya ta ciyo ni, na juya na ce, "Malam, lafiya kake bina?" Ga ka nan tsaye, dogo, siriri kamar sandar rake, gwangwani a hannu, kunya ta ishe ka amma bakin bai mutu ba. Ka ce, "Ki yi haƙuri, ni dai kibiya na biyo." Gwaggo ta juya ni, ta saki salati, ta zauna a ƙasa don dariya. Ɗanyen fentinka na zauna a kai, kibiya shuɗiya ɓaro-ɓaro a mazaunaina, na ratsa gari da ita!

Ranar na tsane ka kamar in mutu. Na ce sai ka saya min wani zanen, ka kawo, na ce launin bai yi ba. Ka sake kawowa, na ce yadin ba shi da kyau. Haka ka yi ta zarya har gwaggo ta ce in dai ba shago za mu buɗe da zannuwan nan ba, gara a san abin yi. Kash! Ina wannan mutumin ya tafi? Ina mai bakin nan da ba ya rasa amsa, wanda duk shekara in ruwan sama ya ɗauke sai ya koma kan dutsen nan ya sabunta kibiyarsa, ya dawo yana ce min ya je gaishe da waliyyinmu? Wa ya sace min shi ya ajiye min wannan buhun a gaban taga? Ina kewarka, mugu. Kana ɗaki ɗaya da ni ina kewarka, har abinci ba ya min daɗi.

To, tunda lallashi bai yi ba, kuka bai yi ba, Auta ta yi waya har muryarta ta dishe bai yi ba, bari ka ji abin da na yi. Na cire makullin shagonka daga ƙusar bayan ƙofa. Na buɗe, warin fenti da kananzir ya tare ni, rigar aikinka na rataye inda ka bar ta, allon mai gyaran takalmi na jingine da rabin suna. Na zauna a kan bencinka na yi kuka mai isata, ba don kai ba, don kaina. Da na gama na share fuska, na ɗauki gwangwani uku da buroshi, na nufi bakin ruwa.

Kibiyar nan ja ta jikin ɓaure, wadda ke cewa a bi dama a zagaya babban tafki? Yanzu hagu take nunawa. Mai kemis da matarsa ne suka fara gwada ta, da fararen takalmansu sababbi, suka tsinci kansu a kududdufin agwagi, taɓo har ƙauri. Rawayar da ke ƙafar ƙaramar gada na juya mata kai, ma'aikatan asibiti masu fita ranar hutu suka bi ta tiryan-tiryan har bayan gidan bulo, suka tsaya suna kallon tulin yashi suna neman magudana. Wani malamin makaranta ya zagaya tafki ɗaya har ya fara gaisawa da kwaɗin da sunayensu. Kibiyar bakin ƙofar da ke tare ruwan magudana kaɗai na bari, inda zurfi yake, don fushi nake yi, ban haukace ba tukuna.

Kuma da ka ga aikin! Wayyo, da ka ga aikin hannuna, ya farin watana! Kibiyata ɗaya kamar ƙayar kifi, ɗaya kamar ƙafar kaza, fenti na zuba daga bakinta kamar majinar yaro. Ban kankare tsohon ba, ban share ƙurar dutsen ba, a kai na lafta. Na tsoma buroshin rawaya a gwangwanin shuɗi ban wanke ba, wani kore ya fito irin na bayan kwaɗo, na ce shi ma launi ne, na shafa. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya karkata kai. Kuma ka san abin da suke cewa? Ba wanda ya zargi matar Mai Kibiya, baiwar Allah mai ɗinki. Cewa suke, "Allah sarki, ciwon ya taɓa masa hannu, dubi yadda aikinsa ya koma." Sunanka ne a kai, Malam, ba nawa ba.

Shekaranjiya da mai kemis ya zo ƙofar gida yana kumfar baki, ai ka ji shi. "Maman Auta, wa ke taɓa mana kibiyoyin Malam? Wallahi takalmin madam bai wanku ba!" Na ce, "Ka tambayi mai su, yana ciki yana hutawa." Ina faɗa ina kallon tagarka ta wutsiyar ido. Munsharin ya tsaya cak. Labule ya motsa. Na ji sandar nan da ka rantse ba za ka taɓa ba ta faɗi ƙasa, kuma sanda ba ta faɗuwa sai an miƙa mata hannu. Da na kawo maka shayi ka ƙura wa farcena ido, inda shuɗin ya maƙale, haƙoranka na cizon juna, jijiyar wuyanka ta tashi. Na ce a raina, alhamdu lillahi, ashe da sauran mutum a cikin buhun. Ka tsane ni in kana so, na fi son tsanarka a tsaye da ƙaunarka a kwance.

Akwai wata magana kuma, ka buɗe kunne. Shekara da shekaru, duk sanda nake bayanka a turbar kogi ina haɗa gumi, addu'ata ɗaya ce: Allah Ka rage wa bawan nan naKa sauri. Ka rage masa ko yaya, in ga gefen fuskarsa, in ji me yake faɗa game da tsuntsayen nan, in nuna masa abin da ni ma na gani. Don ina ganin abubuwa, Malam! Mai tafiya a hankali shi ke ganin ƙananan kifi a inuwar gada, da inda kaguwa ta yi rami, da furen da ke buɗewa da hantsi ya rufe kafin azahar. Ka zana wa duk garin hanya, amma rabin abin da ke kanta ba ka taɓa gani ba. Ragi na roƙa, ban roƙi a karya min kai ba, kuma da ana mayarwa da na karɓi ciwon nan na ba ka saurinka ka yi ta gudu. Amma tunda abin ya zo haka, yau ga shi takunka da nawa sun zo ɗaya. Abin da na jira tun ina amarya ya iso ƙofar gida, shi ne za ka zauna a kansa ka ce ka gama tafiya? Ka gama taka, ni fa tawa? Wannan rowa har ina? Ba ka isa ba, wallahi ba ka isa ba!

Saura abu biyu ban taɓa ba. Na farko siririn buroshin nan mai laushin gashi da kake naɗewa a tsumma, wanda ko Auta ta taɓa sai ka yi kwana biyu kana mita. Na biyu dutsenmu. Ruwan bana ya ci kibiyarsa, saura inuwarta kawai, kuma wannan ce shekarar farko da ba ka je gaishe shi ba.

Ranar Asabar da hantsi, in rana ta ɗan yi ɗumi, zan buɗe ƙasan akwatina. Zanen yana nan. Farin ya koma ruwan madara, ganyen ya koɗe, amma fentinka ko gezau, shegen fenti mai taurin kai irin na mai shi. Zan ɗaura shi, da girmana da furfurata, da jikokina a duniya, in zo in tsaya a ƙofar ɗakinka in juya maka baya ka gan shi da kyau. Takalmanka za su kasance a gaban kujera, sandarka a hagunka. Ba zan ɗaga ka ba, ba zan ce maka sannu ba, na san ka tsani sannu. Zan ɗauki gwangwanin shuɗi da siririn buroshin in fita, in bi layinmu, in wuce gidan burodi, in gangara bakin ruwa. Na tambayi mai gashin ƙashi, ta ce nisan daidai ƙafarka ne in ana tsayawa. Masu dariya su yi, ni za su yi wa, ba mai kallon ƙafarka alhali ga tsohuwa da kibiya a mazaunai. Sun taɓa yi, ban mutu ba, miji ma na samu.

In ka biyo ni, zan riƙe maka gwangwani ka zana da hagu, ta karkace in ta ga dama, ba za ta kai tawa muni ba. In kuwa ka zauna, na rantse da Wanda Ya haɗa ni da kai, da hannuna zan zana wa dutsen nan ƙafar kaza, in bar buroshinka a rana da fenti a jikinsa har ya bushe ya zama ƙusa, in kawo maka shi a faranti tare da shayi. Kuma ko a hakan ba inda za ni. Zan zauna a gidan nan in zame maka ƙarfen ƙafa, ka buɗe ido ka gan ni, ka rufe ka ji muryata.

Ba zan waiwayo ba, don kada ka ce na ga yadda kake jan ƙafa. Kunnena kawai zan bari a baya, yana sauraron sanda a kan tsakuwa. A kowace mararraba zan tsaya. Kuma in ka iso, ya abin ƙaunata, ya ciwon kaina, ba zan ce "to mu je" ba. Zan jira ka huta.

Taka, ko kana so ko ba ka so, har ranar da kogin nan zai juya ya koma inda ya fito,

Hawainiyarka.